Shekarar da Na Wanke Zali

Aminu, Rabi, Bashiru. Na san abin da kuka tashi kuna ji a kaina. An ce uwarku ce ta raba gidan kakanku biyu, ta tona asirin gawa, ta sa ɗan wan mijinta ya bar gari. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku nawa ɓangaren ba, saboda a lokacin bakina ya yi mini nauyi, daga baya kuma kowa ya kama gabansa. Yanzu ido ya fara gajiya, gwiwa ta ƙi, shi ya sa na ce bari in yi amfani da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci in ajiye muku maganar yadda ta faru. Inda na yi kuskure zan faɗa, don akwai shi, kuma ba ƙarami ba ne.

Kun dai san aikina. Tun kafin a haifi Bashiru ni ke wankan gawar mata a garinmu da rugagen da ke kewaye, har daga wajen Kurgu an sha zuwa a ɗauke ni a babur. A hannun Gwaggo Mairi na koya, ƙanwar babana. Ranar da ta fara shiga da ni, kafin ta nuna mini yadda ake kirɓa ganyen magarya ko yanka likkafani, sai da ta kama kunnena ta ce mai wanka tana da ido amma ba ta da baki, abin da kika gani a jikin baiwar Allah ki bar shi ya bi ruwan wankan. Na riƙe wannan magana shekara ashirin da ɗoriya. Na wanke tsofaffi, na wanke masu jego, na wanke waɗanda gulbi ya ci. Na ga tabon bulala a bayan matan da ake yabon mazansu a ƙofar masallaci, na ga haƙarƙarin da ya karye ya ɗore a karkace, ban taɓa cewa uffan ba. In na dawo gida sai in yi wanka, in ɗora tukunya, in ba ku tuwo.

Zali ta shigo gidanmu ne a matsayin matar Garba, ɗan Baba Alhaji, wan babanku. 'Yar Dandawa ce daga ƙetaren iyaka, ƙasar da mu tsofaffi har yau muke kira Dahome. Garba ya gan ta a kasuwarsu lokacin da yake kai shinkafa, suka so juna, aka ɗaura. Doguwa ce, baƙa, mai wushirya. Hausarta ba ta nuna ba, in ta karya kalma yara su yi ta dariya, ita ma ta taya su. Ɗakinsu yana jikin katangar da ta raba sashenmu da na Baba Alhaji, akwai 'yar ƙofa a tsakani, ta nan take shigowa kullum da hantsi ta taya ni turara shinkafa. Inna take ce mini, wai muryata irin ta uwarta ce.

Ba a yi wata shida ba muka fara ji. Babu babba a gidan nan da zai ce bai ji ba. Ni na ji, babanku ya ji, Hajiya Tumba uwar Garba, faccalata, ta fi kowa ji. Garba ba ya jiran duhu, ko da rana tsaka in ransa ya ɓaci sai ka ji ƙarar duka da muryarta tana kiran uwarta da Dandanci. In abin ya fara, ni kuma sai in ƙara wa rediyo murya, ko in ɗauki taɓarya in kama daka alhali ba ni da abin dakawa. A shekara ta biyu ta haifi ɗa namiji, bai kai suna ba ya koma. Kwana goma sha biyu bayan haihuwar ta shigo wurina tana dafa bango, ta kasa zama a kan kujera, sai ta durƙusa kusa da murhu.

"Inna," ta ce, "ko arba'in bai bari na yi ba. Na ce mashi jikina bai warke ba, ya toshe mani baki da hannu. Jini bai tsaya ba tun shekaranjiya."

Na dafa mata ruwan bagaruwa na sa ta zauna a ciki. Sannan na gaya mata abin da aka gaya mini, abin da aka gaya wa uwata.

"Ki yi haƙuri, Zali. Zaman aure ɗan haƙuri ne. Wata rana sai labari."

"Har yaushe, Inna?"

Na juya na gyara wutar murhu. Da za ta tafi ta tsaya a bakin 'yar ƙofar ta ce in na je kasuwa na ga mai babur ɗan garinsu, in ce ya gaya wa innarta ta zo. Na ce to. Ranar kasuwa na ga mutumin, har mun gaisa, amma na kasa. Na ji tsoron a ce ni ce na fitar da sirrin gidan mijina zuwa wata ƙasa. Da ta tambaye ni sai na ce ban gan shi ba. Wannan shi ne kuskuren da na ce muku zan faɗa.

Damina ta gaba ita ce wadda ruwa ya taso ya shafe fadamun Kaoje har ya iso namu. Shinkafa tana cikin fitar da kai ta nutse gaba ɗaya. Kowa ya yi asara, amma Garba ya ɗauki tasa kamar Zali ce ta kira ruwan. Wata ranar Talata da hantsi ina shanya, Hajiya Tumba ta leƙo ta ce, "Kulu, zo. Zali ta cika. Zazzaɓi ne." Shekaranjiyan ranar na gan ta da idona tana jan ruwa a rijiya.

Na shiga da ƙwaryata da magaryata kamar yadda na saba. Hajiya Tumba ta ce ita za ta zuba mini ruwa, ta hana kowa shiga, ta saki labule. Da na yaye zanen sai hannuna ya tsaya. Zazzaɓi ba ya barin shatin yatsu a wuya. Cikinta daga cibiya zuwa ƙasa ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, haƙarƙarinta na hagu ya lotsa, a cinyoyinta kuma akwai abin da ba zan rubuta muku ba. Na ɗaga kai na dubi faccalata. Tana riƙe da buta, ruwan yana zuba a ƙasa ba ta sani ba, hawaye har haɓa.

"Yaya," na ce, "wanga ba zazzaɓi ba ne."

"Kulu, ki dubi Allah ki yi aikinki. Ɗa guda gare ni namiji."

"Ita ma ɗiyar wata ce."

"Ta riga ta tahi. Mi magana za ta maido? Ki wanke ta ki rufe ta, Allah shi rufa maki naki asiri."

Na wanke ta. Na tsefe kitson da ni na yi mata da hannuna sati biyu kafin nan, na sa mata turare, na naɗe ta. Kafin azahar an kai ta.

Uwarta ba ta iso ba sai a kwana na uku, saboda ruwa ya yanke hanya. Hamsatu sunanta, 'yar tsohuwa ƙarama mai sayar da busasshen kifi, tana jin Hausar kasuwa. Bayan ta karɓi gaisuwa sai ta ce a nuna mata wadda ta yi wankan. Ta shigo sashenmu, na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Hajiya Tumba ta biyo ta, ta tsaya a bakin 'yar ƙofar.

"Ke kinka wanke mani ita?"

"Ni ce."

"An ce zazzaɓi. Ta sha wuya?"

Na dubi bakin ƙofa, na dubi tsohuwar. Na ce, "Ba ta sha wuya ba. Fuskarta kamar mai barci."

Ta gyaɗa kai. Ta kwance bakin zanenta ta fito da sabulu guda da goro biyu ta ajiye a gabana. Ta ce, "Allah shi ba ki mai yi maki kamar yadda kinka yi mata." Addu'a ta yi mini da zuciya ɗaya, amma ni ban iya cewa amin ba.

Daga ranar abinci ya daina shigar mini. Ina aiki, ina gaisawa da mutane, amma kamar an ajiye mini dutse a ƙirji. Na so in bar maganar haka nan har in mutu, kuma da na bar ta, ba don abin da ya biyo baya ba. Da rani ya yi, sai muka ji Garba yana neman Hadiza, 'yar Malam Buba tela, ƙawarki ta ƙud da ƙud, Rabi. Babu wanda ya tilasta mata. Garba kyakkyawa ne, bakinsa da zuma, yarinya tana sonsa. Na gan ta wata rana ta zo wurinki kuna dariya a gindin darbejiya tana nuna miki zoben da ya ba ta, sai na ga wuyanta, dogo, siriri. Na shiga ɗaki na zauna.

Washegari bayan la'asar na sa hijabi na je gidan Liman. Na shiga wurin matarsa, ta kira shi, ya zauna a bakin ƙofa.

"Allah shi gafarta Malam, an ce in mai wanka ta ga abu a jikin gawa ta rufe. To in abin ba laifin gawar ba ne, laifin mai rai ne, kuma mai ran nan na shirin ɗaukar wata?"

Ya daɗe yana jan carbi. Ban kira suna ba, shi ma bai tambaya ba, gari ƙarami ne.

"Abin da anka ce ki rufe, aibin mamaci ne," ya ce. "Zaluncin da anka yi mashi ba aibinshi ba ne. Kuma wanda anka tambaya halin mai neman aure, wajibi ne shi faɗi gaskiya."

"Ni ba a tambaye ni ba, Malam."

"To, nan wuyar take. Na dai gaya maki abin da ke cikin littafi. Amma Kulu, gidanki za ki taɓa. Kuma kada ki ce ni na aike ki."

Babanku na tarar a zaure yana ɗaure wa fartanya ƙota. Ina so ku sani, mutumin nan bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagina ba, tun daga ranar da aka kai ni gidansa har ranar da aka fitar da shi. Na durƙusa na gaya masa abin da na gani da inda zan je. Bai nuna mamaki ba ko kaɗan, wannan ma ya yi mini ciwo.

"Garba ɗana ne," ya ce. "A hannuna ya girma."

"Zali ma a gabanmu ta ƙare, Malam."

"Kin san Yaya ne ya riƙe ni bayan ubanmu ya rasu. Shi ya yi mani aure, shi ya ba ni gonar da muke ci. Da wane ido zan dube shi?"

"Ni da wane ido zan dubi Hadiza ranar da anka kira ni da ƙwarya?"

Ya ajiye fartanyar. Ya ce, "Ban hana ki ba, ban kuma sa ki ba. Amma in kin fita da wagga magana, ki sani ke kaɗai ce."

Na je. Na gaya wa uwar Hadiza a cikin ɗakinta, mu biyu, ban ƙara ba ban rage ba. Kwana biyu aka mayar wa Garba kayansa. Kwana uku Baba Alhaji ya kai ƙarata wurin mai gari, wai na yi wa ɗansa ƙazafi.

Ban taɓa shiga zauren mai gari ba sai ranar. Maza sun cika shi, aka shimfiɗa mini buhu daga gefen ƙofa. Mai gari ya ce in faɗi abin da na ce na gani, na faɗa, ban tsallake komai ba. Da na zo kan maganar jegon, wasu dattawa suka kau da kai, wani ya ce subhanallahi, mace da girmanta tana faɗin wannan a gaban maza. Ban ji wanda ya ce subhanallahi a kan wanda ya aikata ba. Aka kira Hajiya Tumba, ta ce ita ba ta ga komai ba sai jikin mai zazzaɓi. Ba na riƙe ta a raina, uwa ce. Garba ya miƙe ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Mai gari ya tambaye ni ko ina da shaida. Na ce duk wanda ke kwana a gidanmu ya ji kukanta. Sai ya juya ga babanku.

"Malam Umaru, mi za ka ce?"

Babanku yana kallon ƙasa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ban ga komi ba."

Bai yi ƙarya ba, bai gani ba, ji ya yi. Amma na fahimci abin da ya zaɓa. Mai gari ya ce wadda ake magana a kanta tana ƙasa, a bar wa Allah, ni kuma in kama bakina. Babu wanda ya ambaci 'yan sanda, ni ma a lokacin tunanina bai kai can ba. Ana shirin shafa fatiha sai Malam Buba tela ya ce, "Ni dai ɗiyata ba ta shiga gidan nan, ko an dafa ko ba a dafa ba." Shi ke nan abin da na samu. Ba a yi wata ba Garba ya bi motar shanu ya yi kudu. Babu abin da aka yi masa. Ban kore shi ba, kallon mutane ne ya kasa jurewa, don waɗanda suka zage ni a zaure su ne kuma suka daina ba shi hannu.

Ranar da ya tafi Baba Alhaji ya sa aka kwaɓa ƙasa aka toshe 'yar ƙofar nan. Daga nan gari ya rufe mini. Aka daina kirana wanka, aka koma ɗauko wata tsohuwa daga wani gari, don kowane gida yana da abin da ba ya so in gani. Masu sayen shinkafata suka koma wani wuri. In na iso rijiya hira ta mutu, sai ƙarar guga. A gidan suna in na zauna, tabarmar sai ta yi mini faɗi. Babanku yana cin tuwona, yana kawo cefane, amma daga sannu sai sannu har damina ta zagayo. Na kan yini ban yi magana da babban mutum ba sai awaki. Na taɓa kama kaina ina ba akuya labarin yadda farashin gishiri ya tashi.

Wanda ya fi duka shi ne naki, Rabi. Mutanen Nasiru, mai neman aurenki, sun riga sun kawo gaisuwa, an kusa sa rana, sai suka aiko cewa ba za su haɗa jini da gidan da ba a riƙe asiri ba. Kin kwana uku ba ki ci ba. Da kika fito kika tsaya a kaina ina tankaɗe.

"Inna, kin ceci Hadiza kin kashe ni. Ita ɗiyarki ce ko ni?"

Na ci gaba da tankaɗena. Bayan shekara biyu kika auri mutumin Yawuri wanda ba ki sani ba sosai, don kawai ki bar garin, kuma na san ni kika bari.

A ranin da Garba ya tafi, kafin ruwa ya sake sauka, na yi abin da ya rage mini. Na gaya wa babanku zan ƙetara iyaka. Na hau babur ni kaɗai, muka bi hanyar daji da 'yan kasuwa ke bi, ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar ba sai ranar. Na yi ta tambaya har aka kai ni gidan Hamsatu. Na same ta a tsakar gida tana juya kifi a kan wayar gashi, hayaƙi ya rufe ta. Ta gane ni. Na zauna a ƙasa kamar yadda ta zauna a gidana, na ce na zo in warware ƙaryar da na yi mata. Na gaya mata duka. Ba ta daina juya kifin ba.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar na sani. Kin dubi ƙofa kafin ki amsa mani. So nike in ji daga bakin wadda ta gani."

"Akwai saura," na ce. "Ta aike ni in sa a gaya maki ki zo, wata shida kafin ta rasu. Na ga mai babur ɗin. Ban faɗa mashi ba."

Wannan ba ta san shi ba. Hannunta ya tsaya a kan wayar har na ji tsoron wuta za ta ƙone ta. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na zauna ina jin kifin yana ƙonewa, ban san ko in juya mata ba ko in bari. Ta daɗe ƙwarai. Da ta fito tana ɗauke da ruwa a moɗa, ta miƙo mini.

"Sha ki tahi," ta ce. "Rana na yi."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Ban sake ganinta ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya fara faruwa bayan nan. Wata Bafulatana mai tallar nono, wadda na daɗe ina saye a wurinta, ta sauke ƙwaryarta a tsakar gidana wata rana da azahar ta ƙi tashi. Can ta ce an ce ni ba na tsoron magana. 'Yarta ta je fadama yankan ciyawa wani ya kama ta da ƙarfi, mazan ruga sun ce a yi shiru kada ta rasa miji, yarinya kuma tana kwance ba ta ci ba ta sha. Na ce ta je ta ɗauko ta yanzu, kada a wanke tufafin. Muka kai ta asibiti a Bagudo a ranar, aka duba ta aka ba ta magani, ma'aikaciyar ta nuna mana inda ake kai ƙara. A mota yarinyar ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, laifina ne da na je ni kaɗai?" Na ce mata a'a, sau uku, da ƙarfi, har fasinjoji suka juyo. Aka kama mutumin. Wannan karon ban ce a yi haƙuri ba.

Daga ita sai wata, sai wata. Suna zuwa da rana, wannan wai aron rariya, waccan wai sayen daddawa, sai sun ga babu kowa sannan su yaye mayafi su nuna mini. Ganin haka na ce tunda an riga an ba ni sunan mai baki, bari in yi aiki da shi. A gidan suna ko biki, in an gama ci, sai in miƙe. In ce musu in kun ji kuka a maƙwabta ku je ku buga ƙofa. In ce yarinyar da aka yi wa fyaɗe asibiti ake fara kai ta, kunyar kuma ta wanda ya yi ce. In ce mace mai jego jikinta ciwo ne, addini ma ya ba ta kwanakinta. Wasu su tashi su fita, wasu su ce ga mai tonon kabari ta fara. Amma akwai masu sunkuyar da kai su yi tsit, su nake yi wa. Shekaru da yawa bayan haka Liman ya yi huɗuba a kan dukan mata, maza suka fito suna cewa Malam ya yi magana mai kyau. Na ji daɗi, ko da yake babu wanda ya tuna wadda ta fara.

Ba zan ce muku gari ya dawo mini ba. Matan da suka yi kuka a cinyata, da yawansu in mun haɗu a kasuwa kau da kai suke yi, don gaisawa da ni ma tona asiri ne. Na gane, ba na fushi. Baba Alhaji ya rasu ba mu shirya ba. Hajiya Tumba da ta ji ajali ya kusa ta bar wasiyya kada in taɓa ta. Ni da babanku kuma ba mu sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Sai dai a ciwonsa na ƙarshe, wata rana wata yarinya ta shigo da leɓe a fashe, yana kwance a zaure yana shan iska. Ya dube ta, ya lallaɓa ya tashi da sandarsa ya fita waje cikin rana, ya ce mini, "Ku zauna nan, ya fi sanyi." Iyakar abin da ya taɓa cewa ke nan, ni kuma na karɓa.

Aminu, Bashiru, ku maza ne, kuna da mata kuna da 'ya'ya, kun ji abin da shiru ya yi a gidan da aka haife ku. Ba sai na ƙara ba.

Rabi, ke ce kika ɗauki kayan da ni na ɗaure, ba a kuma shawarce ki ba. Da za a maido ni ranar, zan sake zuwa gidan Malam Buba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da na fara zaunar da ke na gaya miki da bakina kafin ki ji a rijiya. Wannan hakkinki ne, ban ba ki ba, ki yafe mini shi in kin iya. Bashiru ya ce an sa ranar 'yarki ta fari bayan babbar Salla. Ban taɓa ganinta ba sai a hoton da ya nuna mini a waya, an ce ta fi ki tsawo. In kin ga dama ki biyo da ita ta nan kafin biki, ko kwana ɗaya ne. Ɗakinki na sa an gyara rufinsa tun bara, ba ya yoyo.